Jikan Aro a Zauren Hakimi

Duk dogon hutu sai kun cika mini ofis, 'yan jami'a da masu shirin shiga, kowa ya goge takalmi, kowa bakinsa ɗaya: "Baba, lauya nake son zama." To madalla. Ku jawo benci ku zauna. Wanda bai samu wuri ba ya hau buhun geron nan, ba ya cizo. Tun da kun tambaya zan gaya muku, amma yadda na san aikin zan faɗa, ba yadda kuke kallonsa a waya ba.

Na san abin da kuke hange. Mutum ya yafa baƙar riga, ya kifa hular gashi, ya miƙe ya yi ta ɓarin Turanci har alƙali ya gyaɗa kai. Ga tawa hular can cikin gwangwani a saman kabad, ku buɗe ku gani in kuna so, amma ku yi hankali da kyankyaso. Sai in zan shiga babbar kotu a Sakkwato nake taɓa ta. Nan Tambuwal kwat ɗina baƙi ya ishe ni, shi ma gwiwar hannunsa ta fara sheƙi. Kayan aikina na gaskiya su ne babur, da takalmin roba na shiga fadama, da kunne, da ƙugu mai jure zaman benci. Wanda ba zai iya zama tun hantsi har azahar yana jiran a kira shari'arsa ba, a ƙarshe a ce an ɗage, ya miƙe ya yi godiya, to ya nemi wata sana'ar tun da sauran lokaci.

Ni da tafinta na fara, a kotun majistare. Ina tsaye tsakanin mai Turanci da mai Hausa, wani lokaci da mai Fillanci, ina juya magana har maƙogwaro ya bushe. Daga nan na yi difloma, na yi digiri, na tafi makarantar horar da lauyoyi furfura ta fara leƙo mini. Da na dawo na zauna ƙarƙashin wani tsohon lauya a Sakkwato, mutumin Ilori, Alhaji Raji, Allah ya jiƙansa. Mutum ne mai faɗa, amma bai taɓa yi mini faɗan banza ba.

Aikin farko da ya ba ni, wani manomi ne daga Jabo da maƙwabcinsa ya ture masa iyakar gona. Na zauna da shi, na cika takardu, na kawo wa maigida ina jin kaina. Ya karanta, ya ajiye tabarau.

"Yaushe aka ture iyakar?"

Na ce, "Ya ce bara."

"Bara yaushe? Bara tana da tsawo. Koma."

Na hau babur cikin rana na koma Jabo. Mutumin bai san wata ba, bai san kwanan wata ba, kuma bai ga dalilin da zai sa ya sani ba. Amma da na zauna a kan tabarmarsa na sha fura, sai ga shi yana cewa lokacin gero ya fara fid da kai, washegarin kasuwa ne, kuma ranar aka yi sunan ɗiyar liman. Na tafi gidan liman, ranar ta fito. Tun daga nan na gane mutanenmu suna riƙe da komai daram, sai dai a jikin amfanin gona da kasuwa da suna da rasuwa suke rataye shi. Wannan ba ya cikin littafin da za a ba ku a jami'a.

Masu zuwa wurina manoma ne, da makiyaya, da matan da ake son a danne musu gado, da 'yan kasuwar da suka saɓa da abokan ciniki. Babu mai fara maka da abin da ya kawo shi. Sai kun gaisa, ka tambayi gida, ka tambayi damina, ka tambayi shanu, sannan ya ɗauko zancen tun daga kakansa. In ka katse shi, ya rufe baki, abin da kake nema kuma yana can ƙarshen zancen. Wani ya zo maka da ƙwan zabi, wata da ƙwaryar nono, wani da "Allah shi saka" kawai. Akwai kuma mai zuwa yana raɗa, yana son ka shirya masa shaidar ƙarya. Wannan ka nuna masa ƙofa, ko da kuwa babu hatsi a gidanka ranar.

An yi wata shekara da ba na son tunawa. Ma'aikatan kotu suka shiga yajin aiki, aka ɗaure ƙofofi da sarƙa, wata ya bi wata. Mutanen da ke tsare suna jiran shari'a suka ci gaba da zama a tsare. Iyayensu mata su zo su zauna a ƙofar ofis ɗin nan, su zuba mini ido. Wallahi kallon nan nasu ya fi rashin aikin yi mini ciwo. Na koma noman albasa a fadama don a ci abinci. Amma rigima ba ta san yajin aiki ba. Shanu na shiga gona, 'yan'uwa na faɗa kan gado, mutane suka koma zaurukan hakimai da masu unguwanni neman sulhu, ni kuma na bi su can. A shekarar nan na koyi zaman zaure: inda za ka ajiye takalmi, wanda za ka fara gaisarwa, da lokacin da yin shiru ya fi magana. Ko da aka buɗe kotuna ban daina zuwa ba.

To, ku da kuke ajin farko da na biyu, ku buɗe kunne. Jami'a shekara biyar ce, bayanta makarantar horar da lauyoyi, kuma ba kowa ake kwasa a kai can lokaci ɗaya ba, gurbi ƙayyadadde ne. Kuna tsammanin shirin shigarta a ajin ƙarshe ake yi. Ina! Sakamakon ajin farko yana bin mutum har ƙofarta. Halinka ma haka. Satar amsa, ko dambe a ɗakin kwanan ɗalibai, duk za su jira ka a gaba, domin sai manya sun tsaya maka cewa kai mutumin kirki ne kafin a yafa maka rigar. In an yi hutu kar ku ƙare shi a teburin mai shayi. Ku je kotu ku zauna a bencin baya ku saurara. Abin da ya fi duka, kowa ya nemi inda yake da rauni tun yanzu, domin kowa yana da shi. Bari in ba ku labarin Buba.

Buba ya zo mini ne a dogon hutun ƙarshen ajinsa na biyu. Ɗan Fulani ne daga wata ruga kusa da Kebbe, dogo, siriri, shi ne na farko a gidansu da ya taka jami'a. Na miƙa masa fayil mai kauri na ce ya taƙaita mini. Da ya kawo, na karanta, na sake karantawa. Tsaf, ba ƙari ba ragi. Na ce a raina, kai, Allah ya kawo mini magaji.

Sai dai in ya shigo, a bakin ƙofa yake tsugunawa, idonsa a ƙasa. Na ɗauka ladabi ne kawai, na ji daɗi ma. Ana nan wata rana bayan la'asar ya tsuguna ya ƙi tashi.

"Baba, in an koma makaranta zan nemi canjin sashe. Tarihi zan koma."

Na ce, "Kai, mi kac ce?"

Da ƙyar na ciro zancen daga bakinsa. Ashe a sashensu an yi shari'ar gwaji, irin wadda ɗalibai ke zama lauyoyi, malamai su zama alƙali da shaidu. Wani malami dattijo mai farin gemu ya zauna a matsayin shaida. Aka ce Buba ya tashi ya yi masa tambayoyi. Ya tashi, ya buɗe baki, babu abin da ya fito. Ya tsaya ƙiƙam har ɗalibai suka fashe da dariya, alƙalin ya ce ya zauna.

"Baba, na san tambayoyin, suna cikin kaina. Amma yaya zan dubi mai furfura in nuna masa maganarsa ba ta tsaya ba? Harshena ba ya ɗaguwa."

Kar ku yi dariya, ku da kuka tashi a gari kuna musu da iyayenku kan tashar talabijin. A gidansu Buba yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya ce masa "don me". Ga shi ɗan fari, tsakaninsa da mahaifinsa kunya ce zalla, ko sunansa uban ba ya kira. Da wannan aka raine shi, kuma tarbiyya ce mai kyau. Amma lauyan da ba ya iya tambayar dattijo a ƙasar nan, ina zai kai? Rabin shaidunmu masu furfura ne. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ga yaro mai kai zai bar hanya, kuma hutu na ta gudu.

Na gwada duk dabarar da na sani. Na zauna a kujera na ce ni ne shaida, na shara masa ƙarya, na ce jiya a kan raƙumi na je Sakkwato na dawo kafin walaha. Na ce to, kama ni. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Haka ne, Baba." Na daka masa tsawa, ya ƙara shigewa cikin riga. Na fita da shi na ce ya yi wa darbejiyar ƙofar ofis tambayoyi. Kai, ku zo ku ji! Ya titsiye itacen nan har na tausaya masa. Da na tsaya a gabanta, sai shiru. Na fara saduda.

Cikin haka maganar Sambo ta taso. Sambo makiyayi ne a yankin Kebbe, na daɗe da saninsa. Shanu sun shiga gonar dawar wani mutum sun yi ɓarna, aka ce nasa ne. An sa ranar zama a zauren hakimi, kuma in abin ya tabbata a kansa, sai ya biya ya kuma tashi daga wurin da ya daɗe yana zaune. Na goya Buba a babur muka tafi kwana ɗaya kafin zaman, damina ta ja baya amma hanya duk laka. Da yake rugarsu Buba na kan hanya, muka ratse don ya gaida gida.

Muna isa ya tsuguna nesa da mahaifinsa, suka gaisa kowa na kallon wani gefe. Sannan ya nufi wata bukka inda wani tsoho ke kishingiɗe a kan buzu. Kakansa ne, Manu. Sai na ji wata murya da ban taɓa ji ba.

"Tsoho, har yanzu kana nan? Ni da na zo gadon sandarka!"

Na waiga ina neman mai maganar. Buba ne.

Tsohon ya ce, "Ja'iri, sandata ta fi ƙarfin hannun mai riƙe biro."

Buba ya zauna a gefen buzun, ya dubi tsakiyar idonsa. Suna gauraya Hausa da Fillanci, ni kuwa tsohon tafinta ne, babu abin da ya wuce ni.

"An ce likita ya hana ka sukari."

"Na bari tun bara."

"Ko ɗanɗane?"

"Ko ƙamshinsa."

"Madalla. Shayin safe wa ke dafa maka?"

"Ni da kaina."

"Da can mata ke dafawa."

"Hannunsu ya lalace."

"Allah sarki. Jakar fatar nan da ke ƙarƙashin matashinka, mene ne a ciki?"

"Magani."

"Mai ɗaci?"

"Kamar maɗaci."

"To tururuwan nan da suka yi layi suna shiga cikinta, su ma likitan ne ya rubuta musu?"

Tsohon ya leƙa, ya ga layin tururuwa, ya rarumi takalmi ya jefe shi yana dariya har da tari. Ni kuwa na daskare da ƙwaryar nono a hannu. Abin da na kwashe shekaru ina koyo ke nan. Tambaya ƙarama, ƙarama, kowace ta toshe hanya ɗaya, ba zagi, ba ɗaga murya, har mutum ya waiga ya ga babu mafita. Yaron nan ya iya aikin tun yana bin maruƙa.

Da muka fito na ja shi gefe. "Kai, ashe macuci ne kai! Wata guda kana ba ni wahala."

Ya mayar da ido ƙasa. "Ai kakana ne, Baba. Da kaka ana wasa."

Nan abin ya faɗo mini. A al'adarmu, Hausa da Fulani duka, jika ne kaɗai aka ba izinin ya ja gemun tsoho. Ya tsokane shi, ya ƙure shi, ya kama shi da ƙarya, tsohon ya yi dariya. Abin da ɗa ba zai yi ba ko da wasa, jika ya yi shi a gaban jama'a a ce Allah ya yi masa albarka.

Na ce, "Gobe akwai wani tsoho a zauren hakimi. Ka roƙe shi ya zama kakanka."

"Baba, ba jinina ba ne."

"A ƙasar ga, wane tsoho ka taɓa gani ya ƙi jika?"

Ku lura, ɗalibi ba ya buɗe baki a kotu, doka ta hana. Amma zauren sulhu ba kotu ba ne, wanda hakimi ya ba dama ya yi magana. Kuma ban yi gaban kaina ba, na je na gaya wa Sambo, tun da wuyansa ne a ciki. Na ce in yaron ya kasa zan karɓa. Sambo ya dubi Buba ya ce, "Ɗanmu ne. Shi gwada."

Washegari zaure ya cika. Mai gona da mutanensa a gefe ɗaya, Sambo da nasa a ɗaya gefen. Shaida ɗaya ce tal, amma mai nauyi: Malam Labbo, dattijo da ya haura tamanin, wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba. Ya ce da asuba ya fito duba tasa gonar, ya ga shanun Sambo suna fita daga dawar. Saboda shi ya faɗa, babu wanda ya ma damu da bin sawu. Kowa ya ɗauka magana ta ƙare.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ɗana ne zai yi wa Malam 'yan tambayoyi, in an yarda."

Hakimi ya ce an yarda.

Buba ya miƙe.  Ya buɗe baki, ya rufe.  Mutanen mai gona suka fara kallon juna suna murmushi. Tsoro na ji, ba zan ɓoye muku ba, domin na san in ya zauna yau, ya zauna ke nan. Na cije leɓe na hana kaina magana.

Sai ya taka a hankali ya je gaban Malam Labbo ya tsuguna. Ya gaishe shi, ya tambayi gida, ya tambayi ƙarfin jiki, muryarsa can ƙasa. Sannan ya ce, "Baba, nawa kakan yana can ruga, ya tsufa, ba ya jin magana. Ko za ka ara mini kanka na yini ɗaya?"

Malam Labbo ya ƙura masa ido. Gemunsa ya motsa.

"Jika? Bafillace? Mi nika yi da jikan da bai san kan fartanya ba? To zo. Amma ka sani ba ka cin gadona sai ka yi noma."

Aka yi dariya. Na ga kafaɗun Buba sun sauka. Ya gyara zama, ya ɗago kai.

"Tsoho, da asuba ka ce ka fita? Kai da na ji sai an yayyafa maka ruwa kake tashi?"

"Ƙarya aka yi mani! Ni ka tada ladan."

"To na yarda. Ta wace hanya ka bi?"

"Ta bakin rafi."

"Ka ƙetare?"

"Da wanga ruwa? So kaka yi in mutu ka ci gado? Gaɓa na tsaya."

"Gonar da aka yi wa ɓarna tana wancan ƙetaren?"

"Tana can."

"Dawar bana ta yi kyau?"

"Ta yi kyau ƙwarai. Ta fi mutum bisa raƙumi."

"Ta bakin rafin ma?"

"Nan ta fi tsawo, ai nan ruwa yake."

"Shanun ta bakin rafi suka fita, ko ta baya?"

"Ta baya."

"To, tsoho, kai da ba ka kai kafaɗata ba, kana wannan gaɓa, gari bai waye ba, dawa ta fi raƙumi. Bisa itace ka hau?"

Zaure ya ɗauki dariya. Malam Labbo ya ɗaga sanda kamar zai maka masa. "Na ji su! Na ji karyar kara, na ji kukansu."

"Da suka yi kukan, sun ce maka su na Sambo ne?"

Wannan karon dariyar ba ta yi tsawo ba, domin tsohon bai yi ba. Ya sauke sandar, ya ɗauko carbi yana ja. Can ya juya wajen hakimi.

"Ranka shi daɗe, yaron ga ya kama ni. Ban gani da idona ba. Ji na yi, zuciyata ta ba ni na Sambo ne, don shi ne kusa da mu. Na faɗi abin da ban gani ba. Allah shi yafe mani."

Hakimi ya tashi dattawa daga ɓangarorin biyu su je su duba bayan gonar. Sawun na nan a busasshiyar laka. Bai nufi rugar Sambo ba, burtali ya bi ya yi kudu, hanyar garken da ke wucewa. Sambo ya zauna a wurinsa.

Da aka watse, rigar Buba ta jiƙe sharkaf da gumi. Ya koma ya durƙusa gaban Malam Labbo yana neman gafara, kunyar ta dawo masa gaba ɗaya. Tsohon ya ƙwanƙwashi kansa da carbi, ya ɓantaro goro ya ba shi. Ya ce, "Tashi, ɗan nema. Ka hana ni zuwa lahira da kayan wani."

Ana gobe komawa makaranta Buba ya zo ofis ya tsuguna a inda ya saba. Na ce, "Wane sashe?" Ya ce, "Inda nake, Baba." Na kawar da kai na yi kamar ina neman wani abu a kabad, domin daɗin da na ji ya kusa ba ni kunya.

Kar ku zaci daga ranar ya zama zaki. Shari'ar gwajin da ta biyo baya an kayar da shi, amma a kan doka aka kayar da shi, ba don ya yi shiru ba. Ya ci gaba da shiga duk wadda aka shirya. Ya ce mini kafin ya tashi yakan dubi shaidan ya ce a ransa, "Sannu, tsoho." Har yau in ya shigo nan tsugunawa yake yi, ni kuma ban taɓa cewa ya bari ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, a aji biyu ya gano ciwonsa, yana da sauran shekaru na magani.

Bayan an yi girbi a shekarar nan, ina zaune sai ga babur ya tsaya a ƙofa. Aka sauko da Malam Labbo da ƙyar, tun daga Kebbe, ƙura har gira. Muka gaisa, ya sha ruwa, ya leƙa bayan kabad, ya leƙa waje.

"Ina jikana?"

Na ce yana makaranta. Ya ce yana da magana kan wata fadama da 'ya'yan ɗan'uwansa ke son haɗewa da tasu, kuma lauya yake so. Na gyara kwat na ce ai ga shi gaban lauya.

"Kai? Na gan ka ranar nan, ko tari ba ka yi ba. Yaron nika so."

Na yi masa bayani cewa yaron bai zama lauya ba tukuna. Saura shekara uku a jami'a, sannan ɗaya a makarantar lauyoyi.

"Fuɗu ke nan."

"Fuɗu, in Allah ya yarda."

Na duba maganar tasa, na ga ba wadda jira zai kashe ba ce, na yi abin da ya kamata don kar a taɓa wurin. Na sake lallashinsa ya bar ni in gama masa ita. Ya ƙi. Ya dogara sanda ya miƙe, ƙasusuwansa na ƙara.

"Fadama ba ta zuwa ko'ina. Ina jira. Amma ka gaya mishi shi yi karatu da kyau, kar shi maimaita aji. Ni ba ni da shekarar da zan ƙara mishi."

Na kira Buba a waya na faɗa masa yadda tsohon ya faɗa, ban rage ko kalma ba. Ya ce, "To, Baba."

Yanzu haka yana makarantar lauyoyi, saura 'yan watanni ya fito. Malam Labbo ba ya iya hawa babur kuma, ko masallaci sai an riƙe shi. Amma duk ranar kasuwa sai wani daga ƙauyensu ya leƙo ofis ɗin nan ya ce, tsoho ya ce a tambaya, yaron ya gama?